Ajiyar Gwaggo Lami a Saman Sif

Sanyi ya shigo Doha makon jiya, irin sanyin nan nasu mai ladabi, wanda sai ya yi sallama kafin ya shiga. Iskar arewa ta taso, masu gadi suka fito da hulunan ulu, mai ɗakina Rukayya ta ce in taka kujera in sauko da barguna daga saman sif. Na jawo bargo na farko, na jawo na biyu, sai hannuna ya taɓa ƙunshin. Yana nan yadda na ajiye shi, cikin farar leda, an ɗaure bakinsa da ƙyallen atamfa. Duk shekara sai na manta da shi, kuma duk shekara sai gabana ya faɗi.

Likkafanin Gwaggo Lami ne. Mai shi tana Funtuwa da ranta da lafiyarta, kwanakin baya ma ta aiko saƙon murya tana faɗa don na kwana biyu ban kira ba.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Sunan mahaifinsu na ci, saboda haka ba ta taɓa kama sunana ba, sai dai Babana. A shekara ta biyu ta korona, autarta Safiya, wadda aure ya kai Kanada, ta shiga watan haihuwarta da cikin fari. Gwaggo ta ce muddin tana numfashi ba wanda zai yi wa 'yarta wankan jego sai ita. Aka yi wata da watanni ana neman biza, ta fito. Ana shirin tafiya sai ga wani sabon nau'in cutar ya ɓulla, Kanada ta ce duk wanda ya kwana a Najeriya cikin sati biyun da suka wuce kada ya doso ta. Dangi suka zauna suka tuna akwai wani ɗan boko a Doha. Aka tsara Gwaggo ta sauka wurinmu ta cika kwanakin, a yi mata gwajin hanci, in ya fito babu komai ta hau jirgi. In ya fito da wani abu, to babu tafiya, Safiya ta haihu a hannun baƙi.

Mahaifina ba mai yawan magana ba ne. Ya kira ni ya ce, "Ga yayata nan. Amana ce." Ya kashe waya.

Doha ta wancan lokacin gari ne da ke shirin biki alhali yana jinya. Saura shekara guda a buga ƙwallon duniya, ko'ina an haƙe titi, an kafa agogo a bakin teku yana ƙirga kwanaki, amma kowa fuskarsa a cikin takunkumi, kuma ko kantin burodi ba ka shiga sai manhajar lafiya ta wayarka ta nuna kore. Gwaggo ta fara yin kwanakin killacewa a otal, ita kaɗai. Ba ta jin Turanci, Larabcinta kuwa na salla ne. Ranar da na ɗauko ta ta ce ba ta taɓa sanin mutum zai wuni bai ji muryar da yake ganewa ba, har gaishe da kanta ta riƙa yi a madubi. Na yi dariya a lokacin.

Gidanmu a unguwar Mirƙab ɗaki biyu ne da falo. Na kwashe littattafaina na bar mata ɗakin karatu. Da ta buɗe akwati sai gidan ya koma kasuwar Funtuwa: jar kanwa, garin kunu, yajin jego a gwangwanin madara, busasshen ganyen darbejiya da na runhu don ruwan wanka, daddawa, kuka. Ta ware mana daddawa guda biyar da kuka cikin hannu, ta ce sauran na mai jego ne, kada wanda ya sa masa ido. Na so in yi mata bayanin abin da likitoci ke faɗa a kan kanwa, Rukayya ta taka min ƙafa.

Kwanakin farko sun yi daɗi. Da asuba Gwaggo ta riga kowa tashi, kafin mu idar da salla ta dama koko. Da hantsi ta zauna a baranda tana kallon leburori suna shimfiɗa duwatsun gefen titi, tana yi musu sannu da Hausa, suna ɗaga mata hannu. Sai dai kullum in an gama karin kumallo tana da tambaya a kan dusar ƙanƙara. Wata nawa take yi? Har ina take kai wa mutum? Ranar nan kuma ta ce, wai ƙasar tasu in ƙanƙara ta sauka tauri take yi?

To, a nan ne fa aka zo fagena. Binciken da ya kawo ni Doha a kan sanyaya gine-gine ne, shekara uku ina rubutu a kan zafi da sanyi ba wanda ya taɓa tambaya ta komai a gida. Na gyara zama. Na ce mata ƙasa daskarewa take yi kamar siminti, har zurfin ƙirjin mutum a wasu wuraren, in ka sara da diga sai digar ta dawo maka. Har takarda na ɗauko na zana mata. Na ce haka za ta zauna sai bazara. Gwaggo ta dubi zanen, ta daɗe tana dubansa, ta ce Allah mai iko. Ba ta ƙarasa kokonta ba.

Ni kuwa na ce a raina tsohuwa sanyi take tsoro, kuma maganin tsoro shiri. Muka shiga neman kayan sanyi a garin da wata takwas mutane ke gudun rana. Sai a wani babban kanti, can lungun da ake sayar wa masu zuwa wasan sulu a kan ƙanƙara, muka samu kwat mai kauri kamar katifa, da takalma masu gashi a ciki, da safar hannu, da dogon wando na ciki. Wandon ya ci mana wuni guda. Gwaggo ta ce shekararta sittin da tara ba ta taɓa zura ƙafa a wando ba, ba za ta fara a ƙasar mutane ba. Rukayya ta lallaɓa ta, aka daidaita a kan za ta sa amma zani zai rufe shi, kuma ba za a gaya wa kowa a Funtuwa ba.

Da na tsaya nan da lafiya lau. Amma na taɓa karantawa cewa jiki yana sabawa da sanyi in an gabatar masa da shi kaɗan kaɗan. Kuma ina da aboki, Malam Isa, mutumin Gusau, mai gadi a wani rumbun sanyi na nama a Sana'iyya, unguwar masana'antu da gidajen leburori. Ya taɓa gaya min cikin rumbun sanyinsa ya kai sha takwas ƙasa da sifili, kusan daidai da garin su Safiya. Na ce ai ga Kanada nan a bayan gari. Rukayya ta ce in bar baiwar Allah ta huta, wanda zai shiga ruwa ba a fara jiƙa shi a gida. Na ce mata wannan magana ce ta wanda bai karanta ba. Ta ce to.

Ranar Juma'a bayan la'asar muka je, saura sati guda cif jirginta ya tashi. Malam Isa ya roƙi shugaban ma'aikata, mutumin ya dubi Gwaggo cikin kwat da zani, ya yi dariya ya ce yalla, mu shiga, minti biyar. Aka ja wata ƙofa mai kaurin bango. Sanyin bai yi kama da wanda na sani a takarda ba. Kama mutum yake yi a haƙora da cikin hanci, numfashi ya fito fari, takunkumi ya yi tauri a fuska. Ina duban agogo, ina yi wa Gwaggo bayanin ta riƙa shaƙar iska a hankali, ban lura da abin da take kallo ba. Raguna ne fiɗaɗɗu, jeri bayan jeri har ƙarshen ɗakin, kowanne an naɗe shi cikin farin ƙyalle daga wuya zuwa ƙafa.

Ta janye takunkuminta ta tambayi Malam Isa tun yaushe suke nan. Shi kuma, da alfaharin mai nuna wurin aikinsa, ya matso kusa da ita don ƙarar injin, ya ce wasu sun yi wata huɗu, kuma ko wata huɗun za su ƙara ba abin da zai same su.

"Fitar da ni, Babana," in ji ta.

Har muka iso gida ba ta ce uffan ba. Na ɗauka sanyi ne ya riƙe mata baki, har ina gaya wa Rukayya gwajin ya yi nasara.

Asabar Gwaggo ta wuni a kwance. Lahadi da safe ba a ji motsin koko ba, Rukayya ta shiga ta fito ta ce jikinta zafi kamar garwashi. Kafin azahar tari ya fara, busasshe, irin wanda a shekarun nan in ka ji shi a cikin bas sai kowa ya juya. Na ce mura ce. Na faɗa da ƙarfi, sau da yawa, ba wanda ya tambaye ni. Litinin da rana Malam Isa ya kira. Ya ce mutum biyu a ɗakin da suke kwana gwaji ya nuna suna da korona, an kwashe su, shi ma an killace shi yana jiran nasa. Ya ce don Allah in yafe masa. Na tuna yadda ya matso yana yi mata magana, takunkuminta a haɓa.

Ban san yadda zan kwatanta wa wanda bai yi zamanin nan ba abin da tarin tsoho yake nufi a lokacin. Mun ga hotunan asibitoci. Mun san mutanen da aka shiga da su da ƙafafunsu, iyalansu ba su ƙara ganinsu ba, ko wanka ba su yi musu ba. Gwaggo tana da hawan jini. In gwaji ya nuna tana da ita, mai shekarunta ba a gida za a bar ta ba, za a kai ta inda ba mai jin Hausa, ta koma gaida kanta a madubi, in ma tana iya tashi. Kuma ni na kai ta. Ba kasuwa ta je ba, ba biki ba, ni da karatuna na sa ta a mota na kai ta.

Zan faɗi abin da ban taɓa gaya wa mahaifina ba: ranar Litinin ɗin nan ƙin kai ta gwaji na yi. Na ce a bari zazzaɓin ya sauka. Gaskiyar ita ce muddin ba a gwada ba, mura ce. Rukayya ba ta yi min gardama ba, ta dai ce in har gobe ban kai ta ba, ita za ta tare tasi ta kai ta, kuma za ta faɗi dalilin da ya sa mijinta bai zo ba. Talata da yamma muka je. Aka zura mata tsinken a hanci, hawaye ya zubo mata, aka ce mu jira saƙo a waya.

Gidan ya koma wani iri. Muka sa takunkumi a cikin ɗakinmu, aka ware mata kwano da kofi. Na sayo 'yar na'urar nan da ake maƙala wa yatsa don auna iskar jini, na riƙa shiga kowane rabin awa ina dubawa, har ta ce in na ƙara zuwa za ta maƙala min ita a hanci. Rukayya ta ce a yi mata sirace, ta nufi akwati za ta ɗebi ganye, Gwaggo ta ɗago daga kwance ta ce ko guda ɗaya kada a taɓa, na Safiya ne. Sai ni na fita. Ranar aka yi ruwan farko na shekarar, yayyafi mai sanyi, yara Larabawa suna ta murna a titi. Na tsaya ƙarƙashin wata darbejiya a gefen masallacin unguwa ina tsinkar ganye kamar ɓarawo, rigata ta jiƙe, wayata tana ruri a aljihu. Mahaifina ne. Ban ɗauka ba.

Safiya kuwa kullum sai ta kira a bidiyo. In lokacin ya kusa, Gwaggo takan sa a tashe ta zaune, ta wanke fuska, ta sa kwalli, ta ɗaura ɗankwali mai kyau. Ta riƙe tarin a ƙirji har a gama, tana dariya tana tsokanar 'yarta wai ta yi hanci kamar na kakarta. Ana kashe wayar sai ya ɓalle mata, har sai an riƙe ta. Ranar Talatar Safiya ta ce likita ya ce cikin ya sauka, ko yaushe. Ta ce, "Inna, tsoro nake ji. Ki zo kawai." Gwaggo ta ce tana hanya.

Laraba bayan azahar, saƙo bai shigo ba, zazzaɓi bai sauka ba, Gwaggo ta aika Rukayya ta kira ni. Ta ce in buɗe akwati in ɗaga kanwa da garin kunu, akwai abu a ƙasa. Na ɗaga. Ban taɓa riƙe likkafani a hannuna ba sai ranar, amma ba wanda ke buƙatar a gaya masa. Ta ce tun zuwanta Makka ta saye shi, ta wanke shi da zamzam. Ta gaya min wanda zai karɓi 'yan kunnenta, da inda takardar gonarta take. Ta ce ta koya wa Rukayya yadda ake haɗa ruwan wankan, in ta kama sai ta koya wa Safiya ta waya. Ina tsaye ina ta cewa haba Gwaggo, haba Gwaggo, don duk karatuna iyakar abin da ya ba ni ke nan.

Sai ta ce, "Kada ka damu, Babana. In dai lokacin ne, ni roƙona ya same ni a nan. Nan akwai rairayi, a wuni ɗaya an gama. Can kuwa kai da bakinka ka ce ƙasar siminti ce sai bazara."

Na ce ban gane ba.

Ta ce tun a Funtuwa wata mata ta gaya mata cewa a ƙasashen ƙanƙara in mutum ya rasu da sanyi ba a iya haƙa kabari, sai a sa shi a firji ya jira wata huɗu, wata biyar, ba salla ba makwanci. Ba ta yarda ba, ta ce bari ta tambayi mai ilmi. Ta tambaye ni, na tabbatar mata, har da zane. "Sannan ka kai ni na gani da idona yadda ake jera su. Na san ba ka iya faɗa min da baki ba ne, shi ya sa ka nuna min. Na gode da ba ka ɓoye min ba."

Sati biyu tana yi min tambaya guda ɗaya, ni kuma ina amsa wata. Ba sanyi take tsoro ba, matar da ta yi shekara arba'in tana wankan asuba da ruwan randa. Kuma da wannan a ranta ta ci gaba da gwada takalma, ta yarda da wando, don 'yarta ta ce ta zo.

Mafi muni, ban san amsar ba. Na san zurfin da ƙasa ke daskarewa, ban san yadda ake binne Musulmi a cikinta ba. Na fita baranda na kira Kabiru, mijin Safiya, can wurinsu gari bai daɗe da wayewa ba. Na ce ya fita inda matarsa ba za ta ji ba. Na tambaye shi. Ya ce lafiya? Na ce ya dai amsa. Ya ce ai bara ma, tsakiyar sanyi, ƙanƙara har gwiwa, sun binne wani dattijo ɗan Somaliya da suke salla tare. Akwai abin da ake kifawa a kan ƙasa ya narkar da ita, sannan inji ya haƙa. Da safe ya rasu, washegari da azahar an rufe shi.

Na koma ɗaki na sa wayar a gaban Gwaggo na ce ya maimaita. Ta manta da kunyar suruki, ta yi masa tambayoyin alƙali. Da idonsa ya gani ko labari aka ba shi? Ya ce da shi aka ɗauki makara. An fuskantar da shi alƙibla? An fuskantar. Ƙasa aka zuba ko ƙanƙara? Ya ce ƙasa ce baƙa, da hannunsa ya zuba sau uku, har yatsunsa suka ƙage. Sai ya ce, Inna, me ya kawo wannan magana? Ta ce tambaya ce ta ilmi, ya gaida mai jiki, kuma kada ya kai mata zancen.

Ta koma ta kwanta, ta juya fuska bango. Can ta ce wa Rukayya ko akwai sauran kunu.

Saƙon ya shigo ana kiran magariba. Na kasa buɗewa, na miƙa wa Rukayya. Ta karanta, ta zame ta zauna a ƙasa, ni kuwa na ɗauka shi ke nan. Sai ta ɗago ta ce babu. Mura ce. Na Malam Isa ma daga baya ya fito babu. Na fara bayanin cewa a kimiyyance sanyi shi kaɗai ba ya kawo mura, Rukayya ta ce in haɗa wannan bayanin da littattafaina in kai su inda na kai sauran.

Alhamis zazzaɓi ya sauka, muryar dai a shaƙe. Muka zauna haɗa kaya. Da takalma da wanduna da rigunan ulu, akwati ya ƙi rufuwa, na hau kansa na zauna, ya ƙi. Na ce sai dai a rage kanwa. Gwaggo ta dube ni yadda ake duban yaron da ya maimaita aji. Ta sa hannu ta zaro farin ƙunshin, ta miƙo min.

"Ajiye min nan. Mutanen da ke da injin haƙa ba za su rasa farin yadi ba."

Ta isa da kwana huɗu Safiya ta haifi 'ya mace. Gwaggo ta yi wankan jegonta na kwana arba'in cif, safe da yamma, a bahon Turawa. Ta ce gidajensu zafi kamar ɗakin gashi, har mafici ta sa aka nemo mata. Ƙanƙarar ta taga ta riƙa kallonta. Kwat ɗin sau biyu ta sa, ranar zuwa da ranar tahowa, kuma har gobe in ana hirar sanyi a Funtuwa cewa take ita a ƙasar Larabawa ta sha nata.

Da za ta koma gida, jirginta ta wata ƙasar ya bi, ƙunshin ya zauna. Shekarar da ta biyo, lokacin ƙwallon duniya, gidanmu ya cika da 'yan uwa har a baranda ana kwana. Wani ɗan kawuna yana neman zanin gado ya jawo shi, ya fara kwance ƙyallen atamfar, Rukayya ta ƙwace da kyar. Tun daga ranar na tura shi can ƙurya bayan barguna. Sau uku ina samun mai tafiya gida, sau uku ina kiran Gwaggo in ce zan aiko mata da ajiyarta.

Makon jiya ma, ina tsaye a kan kujerar, Rukayya tana ƙasa tana tambayar me ya riƙe ni, na ciro waya na yi mata saƙon murya. Na gaishe ta, na ba ta haƙurin rashin kira, na ce akwai wani abokin aikina da zai zo Kano ƙarshen wata, ko in ba shi ya taho da abin nan. Ban sauko ba amsar ta shigo, ana jin kukan awaki a bayanta.

"Gaggawa kake yi ne, Babana?"

Na mayar da shi ƙurya, na sauko da barguna.